Karen tutiya da fararen duwatsu marasa suna: yaya ake tuna ambaliyar Johnstown?

Mai Zane:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na zo da wata tambaya da ta hana ni sakat tun makon jiya. An ba mu aiki a makaranta a kan zane-zane da sassaƙe-sassaƙen da ake kafawa a bainar jama'a don tuna wata masifa, ni kuma na ɗauki ambaliyar Johnstown, garin narka ƙarfe da ke jihar Pennsylvania a Amurka. Ga wanda bai san labarin ba, ranar 31 ga Mayu 1889 madatsar ruwa ta South Fork, mai tazarar kamar kilomita 22 daga garin ta wajen tudu, ta ɓalle bayan an kwana ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin awa ɗaya ta cika ruwan ya iso gari. Mutum 2,209 suka mutu, 396 daga cikinsu yara ne, akwai kuma iyalai 99 da aka shafe kakaf, ba wanda ya saura.

Garin na da abubuwan tunawa barjat. Akwai maƙabartar Grandview inda aka binne gawa 777 da ba a gane ko su wane ne ba. Akwai gidan tarihi, akwai gadar dutse da ake ƙawata ta da fitilu, akwai ragowar madatsar kanta. Amma abin da ya ɗaure mini kai, duk inda na leƙa sai na ci karo da hoton wani mutum-mutumin kare da suke kira Morley's Dog. Kare fa! Mutum sama da dubu biyu sun tafi, amma kare ne ya zama tambarin abin a bakin jama'a. Me ya sa? Kuma cikin waɗannan duka, wanne ne yake yin aikin da aka kafa shi dominsa?

Uwar Biyu:
Wa'alaikumus salam. To karen wani abin kirki ya yi? Ko ceton mutane ya yi aka karrama shi?

Mai Zane:
Anti, ai nan gizo ke saƙar. Bai ceci kowa ba, don bai taɓa numfashi ba. Kwalliyar ƙofar gida ce da aka zuba da tutiya a wata masana'anta a New York. Wani jami'in kamfanin ƙarfe na garin, Cambria Iron, mai suna James Morley ya kafa shi a farfajiyar gidansa. Ruwa ya zo ya tafi da shi, daga baya aka tsinto shi cikin tarkace, aka mayar. Bayan shekaru iyalin suka ba wa gari kyauta. Sannu a hankali sai labari ya tashi cewa wai siffar wani jarumin kare ce da ya yi ta tsamo yara daga ruwa. Wanda yake tsaye a waje yanzu ma kwafi ne, na asalin ya sha wuya a hannun 'yan ɓarna aka ɗauke shi.

Uwar Biyu:
Ikon Allah. Wato ƙarya ce ta yi fure har ta yi 'ya'ya.

Injiniya Tsoho:
'Yata, kafin mu kai ga kare, bari mu tsaya a kan madatsar, don idan ba ki san yadda ta ɓalle ba, ba za ki iya auna kowane abin tunawa ba.

Gwamnatin jiha ce ta gina ta don ta riƙa ba wa wata hanyar jiragen ruwa ruwa a lokacin rani, aka gama a 1853. Jirgin ƙasa ya zo ya kashe kasuwar hanyar, aka yi watsi da ita, har ta taɓa fashewa sau ɗaya a 1862. A 1879 wata ƙungiyar attajiran Pittsburgh ta kamun kifi da farauta ta karɓi wurin don shaƙatawa. Cikin 'yan ƙungiyar akwai Andrew Carnegie da Henry Clay Frick da Andrew Mellon, wato manyan masu ƙarfe da gawayi da banki na wancan zamani.

Abubuwa uku nake so ki riƙe. Asalin madatsar tana da manyan bututun ƙarfe a gindinta, waɗanda ake buɗewa a rage ruwa idan ya yi yawa. An cire su an sayar tun kafin ƙungiyar ta zo, su kuma ba su mayar ba. Ke nan ba su da wata hanyar rage tafkin ko da sun so. Sannan suka rage tsawon madatsar daga sama don hanyar ta yi faɗin da keken doki biyu za su gifta juna. Sannan suka kafa raga a bakin magudanar da rarar ruwa ke fita, don kada kifayen da suka zuba su gudu. Ranar da aka yi ruwan, ragar ta tare itatuwa da shara, magudanar ta shaƙe, ruwa ya hau ta saman madatsar. Madatsar ƙasa kuwa, da zarar ruwa ya fara bi ta kanta, to kwananta ya ƙare, don zai yi ta zaizayarta ne har ta buɗe.

Kuma ba a ce ba a yi gargaɗi ba. Tun 1880 shugaban Cambria Iron, Daniel Morrell, ya tura injiniyansa John Fulton ya duba, ya dawo ya ce gyaran ba shi da inganci kuma babu hanyar sakin ruwa. Shugaban ƙungiyar ya yi kunnen uwar shegu.

To yanzu ki faɗa mini, a jikin karen nan ina aka rubuta ragar kifi?

Mai Zane:
Baba, babu. Na gode ƙwarai, wannan batun ragar ban fahimce shi sosai ba sai yanzu.

Lauyan Gobe:
Baba Injiniya ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan, ba a taɓa samun ƙungiyar da laifi a kotu ba, ko sisi ba ta biya a matsayin diyya ba. An shigar da ƙararraki, duk suka watse. Lauyoyin da suka kare ta, Philander Knox da James Reed, su ma 'yan ƙungiyar ne, kuma Knox ɗin daga baya ya zama babban lauyan gwamnatin Amurka. Hujjar da aka kafa ita ce ruwan ya wuce misali, aikin Allah ne. Ga kuma wata dabara: ƙungiyar a matsayinta na kamfani ba ta mallaki wani abin a zo a gani ba, dukiyar tana aljihun mambobi, su kuma kama kowane ɗayansu da sakaci na kansa abu ne mai wuya.

Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A Johnstown dai tsuntsun yana Pittsburgh a bushe.

Alaramma Ƙarami:
Subhanallah. Wannan kalma ta "aikin Allah" ta sha wahala a bakin masu kuɗi. Ai ba wanda ya musa cewa ruwan sama na Allah ne. Amma wa ya cire bututu, wa ya kafa raga? An ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Wanda ya kwance raƙumi da hannunsa, ya tattake yaran mutane, ba ya zuwa ya ce ƙaddara ce.

Game da tambayar Malama Mai Zane, kun san matsayina a kan sassaƙa abu mai rai, ba sai na maimaita ba, kuma mutanen can da addininsu da al'adarsu. Amma ko a ma'auninsu, ina ganin waɗannan fararen duwatsu marasa fuska na maƙabartar Grandview sun fi kowane mutum-mutumi magana. Kabari wa'azi ne da kansa.

Baƙon Pittsburgh:
Ku ba ni dama in sa baki, don na je wurin da ƙafata lokacin da nake karatu a Pittsburgh. Tafiyar kamar awa biyu ce a mota idan ba ka gaggawa. Na tafi da matata da 'yarmu, lokacin tana da shekara shida.

Grandview a kan tudu take, ka hau ka hau sannan ka iso. Akwai dogon ginin dutse da aka ƙaddamar a 1892 don tuna waɗanda ba a gane ba, da siffofin mata a samansa masu wakiltar imani da fata da jinƙai, irin salon wancan ƙarni. Gaskiya ban daɗe a gabansa ba, irinsa na ga da yawa a maƙabartun Turawa. Abin da ya tsayar da ni yana bayansa: layi-layi na ƙananan fararen duwatsu, duk girmansu ɗaya, ba suna, ba shekara. 'Yata ta saki hannuna ta fara bi tana ƙirgawa da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Ta kai wajen sittin da wani abu sai ta rikice, ta dawo ta ce in faɗa mata sunan wanda ke ƙarƙashin na farkon don ta sake farawa daga kansa. Na ce ba a sani ba. Ta ce to mamansa fa, ita ma ba ta sani ba? Ban iya ba ta amsa ba, don mai yiwuwa maman tana dutse na gaba.

Amma wurin da ya fi girgiza ni shi ne madatsar. Hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasa ce ke riƙe da shi, an ayyana shi wurin tunawa tun 1964. Ba su gina komai a tsakiya ba. Kana tsaye a kan guntun tudun ƙasa na wannan gefe, kana hango guntun na wancan gefe, tsakaninsu wawakeken giɓi. Can ƙasa wani ɗan rafi ne yake wucewa abinsa, wanda ba za ka ɗauke shi a bakin komai ba, ga layin dogo ya ratsa inda tafkin yake a da. Idonka da kansa yake ja layi daga wannan tudu zuwa wancan, ya cika bayansa da ruwa, sai ka ji ƙafarka ta yi sanyi. Ba mai zanen da zai yi mini wannan.

Kuma don adalci, Baba Injiniya, a ɗakin baje kolin da ke saman tudun an yi bayanin ragar kifin da rage tsawon madatsar. Ba su ɓoye ba.

Injiniya Tsoho:
Madalla, na ji daɗin jin haka. Amma ka lura, sai wanda ya ɗauki mota ya yi kilomita 22 zai ga giɓin. Wanda ke cikin gari yana zuwa aiki kullum, kare yake gani.

Mai Zane:
Yaya Baƙo, labarin 'yarka ya sa ni hawaye. Wani abu da na gano: sunayen da yawa daga cikin waɗanda ke ƙarƙashin duwatsun suna cikin jerin mamatan, don an san wane da wane sun ɓata. Abin da ba a sani ba shi ne wace gawa ce ta wane suna. Ga sunaye a takarda, ga gawarwaki a ƙasa, an kasa haɗa su. An ci gaba da tsintar gawa har 1911, wasu ma can Cincinnati ta jihar Ohio ruwa ya kai su.

Ɗan Maƙera:
Ni fa ku yi haƙuri, zan ɓata muku hira. Duk wannan abu na masu ƙoshi ne. Ina aikin walda, na san abin da ake nufi idan aka ce masana'anta ta rufe. Kamfanin Bethlehem Steel da ya gaji Cambria ya tattara nasa ya nasa ya bar Johnstown a 1992. Garin da ya taɓa haura mutum dubu sittin, yau bai kai dubu ashirin ba. Mutumin da ba shi da aiki ka ce masa ga fitila mai launi a jikin gada? Wanka da gari ba ya maganin yunwa. Kuɗin da za a kashe a zane a gyara magudanun ruwa da shi, shi ne tuna mamaci na gaskiya.

Uwar Biyu:
Ɗan Maƙera, ban yarda da kai duka ba, amma batun gadar nan ni ma yana damuna. Na je na karanta bayan Mai Zane ta ambata. Gadar jirgin ƙasa ce ta dutse, mai baka bakwai. Da ruwan ya iso, ita ba ta faɗi ba, sai ta zama shinge. Gidaje, itatuwa, taragon jirgi, dabbobi, mutane masu rai, duk suka taru a jikinta, ga waya mai ƙaya da ruwan ya kwaso daga masana'antar waya ta nannaɗe komai. Sannan tarkacen ya kama wuta. Kimanin mutum 80 a nan suka mutu, 'yan uwansu na tsaye a gefe suna ji ba yadda za su yi. To wannan wurin ne tun 2011 ake haska shi da fitilu masu canza launi, har da launukan bukukuwa. Ni a matsayina na uwa abin bai kwanta mini ba. Wurin da wuta ta ci mutane, a mayar da shi wurin kallon wasan haske?

Baƙon Pittsburgh:
Hajiya, na fahimce ki, amma na ga fitilun da idona kuma ban ji kamar ana raina kowa ba. Mutanen garin ne suka tara kuɗin, jikokin waɗanda abin ya shafa. Gadar nan har yau jirgi na bi ta kanta. Shekara ɗari da ashirin suna wucewa ta gabanta tana baƙa ƙirin da dare. Idan sun ga dama su ce ba za ta ci gaba da zama abin tsoro kaɗai ba, wa zai hana su? Mu da muke nesa muna so garin ya zauna cikin makoki har abada don labarin ya yi mana daɗin ji. Su kuwa a nan suke aure, a nan suke haihuwa.

Uwar Biyu:
Ban ce su dawwama cikin makoki ba. Amma ai akwai bambanci tsakanin haske da haske. Duk ranar 31 ga Mayu ana kunna 'yan fitilu 2,209 a wurin madatsar, ɗaya ga kowane rai. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don lissafi ne, kowace fitila mutum ce. Na gadar kuwa ado ne.

Baƙon Pittsburgh:
To a nan mun rabu, Hajiya. Ado ma haƙƙin mai rai ne.

Lauyan Gobe:
Ku bar gada, ku zo ga wanda ya fi ɗaure kai. Kun san a wane gini gidan tarihin ambaliyar yake? A ɗakin karatun da Carnegie ya ba da kuɗi aka gina wa garin bayan ruwa ya rushe na da. Wato ɗan ƙungiyar da madatsarta ta kashe mutane, kyautarsa ce yau take ɗauke da hotunan gawarwakin. Ni a ganina wannan wankin suna ne. Ka ƙi biyan diyya, wadda wajibi ce, ka ba da sadaka, wadda ake yi maka godiya a kanta.

Injiniya Tsoho:
Ɗana, a yi adalci. Carnegie ba shi ya ba da umarnin kafa raga ba, mamba ne cikin mambobi kusan sittin, kuma ya ba da gudummawar agaji. Amma maganarka ta bambancin diyya da sadaka, wannan ka faɗi gaskiya. Agajin da aka tara daga Amurka da ƙasashen waje ya haura dala miliyan 3.7, asarar kuwa an ƙiyasta ta a dala miliyan 17 na wancan lokaci. Clara Barton ta ƙungiyar Red Cross ta iso bayan kwana biyar, ta zauna wata biyar tana aiki. Jama'ar duniya suka ɗauki nauyin da ya kamata masu tafki su ɗauka.

Mu ma injiniyoyi ba mu fita ba. Kwamitin ƙungiyar injiniyoyin Amurka ya fitar da rahoto a 1891 yana cewa ko ba a taɓa madatsar ba za ta ɓalle. Sai a 2016 wasu masu bincike na jami'ar Pittsburgh reshen Johnstown suka sake lissafin, suka nuna canje-canjen da aka yi sun rage ƙarfin fitar da ruwa da kusan rabi. Shekara 125 kafin a ƙalubalanci rahoton da alƙaluma.

Mai Zane:
Ni kuwa sai nake ganin zaman gidan tarihin a ginin Carnegie ya fi kowane sassaƙe ma'ana, in dai ana faɗa wa mai ziyara. Ka shiga ta ƙofar da ya biya, ka karanta abin da ƙungiyarsu ta jawo. Ba mai zanen da zai iya ƙirƙiro wannan haɗin da gangan.

Lauyan Gobe:
"In dai ana faɗa" ɗin nan ita ce maganar, Yaya. Abu ɗaya da ya sanyaya mini rai shi ne abin da ya biyo baya a fannin shari'a. Akwai wani hukunci na Ingila na 1868, Rylands da Fletcher, wanda ya ce duk wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa, kamar tafkin ruwa, idan ya kuɓuce ya yi ɓarna to shi zai biya, ko an tabbatar da sakaci ko ba a tabbatar ba. Kotunan Amurka da dama sun yi ta ƙin wannan ƙa'ida. Bayan Johnstown jihohi da yawa suka karɓe ta. Mutanen garin ba su amfana ba, na bayansu suka amfana.

A Sheffield ta Ingila, ita ma garin ƙarfe, madatsar Dale Dyke ta fashe a watan Maris 1864 ta kashe mutum kusan 240. Can kamfanin ruwan ya biya diyya, amma majalisa ta ba shi izinin ƙara kuɗin ruwa. Ka ga an zagayo an dawo aljihun talaka.

Ɗan Maƙera:
Yauwa, tunda an zo batun aljihu. Kun san abin tunawa da ya fi daɗewa a jihar? Haraji. Bayan ambaliyar 1936 aka sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan barasa, wai na wucin gadi don a sake gina Johnstown. An gama ginin tuntuni, harajin na nan, har ya kai kashi 18, kuɗin kuma baitulmalin jiha yake shiga. Wannan ba ya buƙatar fenti, ba ya tsatsa.

Alaramma Ƙarami:
Ɗan Maƙera ka ba ni dariya. Wannan harajin dai bai shafe ni ba.

Mai Zane:
Tsaya, Yaya Ɗan Maƙera, ka ce 1936? Na san an sake yin wata, amma ban bi ta kanta sosai ba.

Injiniya Tsoho:
Sau biyu ma, 'yata, kuma nan ne nake so ki kai aikinki. A watan Maris 1936 narkewar ƙanƙara da ruwan sama suka sake cika garin. A ranar wani abu ya yi amfani: bayan 1889 kamfanin Cambria ya gina wani jirgi mai hawa gangaren dutse a 1891, wanda ke ɗaukar mutane daga kwari zuwa unguwar Westmont a kan tudu. A 1936 ya kwashe mutum wajen 4,000 zuwa sama. Ɗan Maƙera, ga irin abin tunawar da kake so, wanda ake hawa.

Daga nan injiniyoyin sojan Amurka suka zo suka faɗaɗa kogunan, suka shafe gefensu da kankare, aka gama a 1943. Sai garin ya fara tallata kansa da cewa ya rabu da ambaliya har abada. Mutane suka saki jiki. Daren 19 ga Yuli 1977 hadari ya tsaya cak a kan kwarin, ya zubar da ruwa kusan santimita 30 cikin awa goma. Madatsu shida suka ɓalle. Ta Laurel Run kaɗai ta kashe mutum 40, jimilla sama da 80. Bayan wannan ne masana'antar ƙarfen ta fara rage ma'aikata ba ƙaƙƙautawa.

Duk abubuwan da muka lissafa, ginin maƙabarta, kare, gidan tarihi, suna nan tsaye a 1977. Sun koya wa mutane cewa ambaliya wani abu ne da ya faru ga kakanni. Abin tunawa da ya sa ka ji an gama, ni a wurina haɗari ne.

Baƙon Pittsburgh:
Baba, ka tuna mini. A kusurwar ginin majalisar gari akwai wasu ƙananan alamu a bango da ke nuna inda ruwa ya kai a kowace ambaliya. Ta 1889 tana can sama, ƙafa 21, ta 1936 na ƙasa da ita, ta 1977 na ƙasa kuma. Na tsaya a gindin bangon na ɗaga kai. Ko ta ƙasan ta fi ƙarfin tsawona. Ban ma ɗauke su a matsayin zane ba shi ya sa ban ambata ba.

Injiniya Tsoho:
To ni su ne zaɓina. Uku ne, kuma bangon yana da sauran wuri.

Mai Zane:
Baba, a nan zan ɗan yi maka gardama, ka yafe ni. Alamar bango tana faɗa maka tsawon ruwa, ba ta faɗa maka wa ya mutu ko wa ya jawo ba. Kuma yaro ba zai ja hannun uwarsa ya ce a kai shi ya ga layi a bango ba. Zai ce a kai shi wurin kare. Na fara zargin cewa abin da ya sa suke son karen shi ne, shi kaɗai ne ruwa ya tafi da shi ya dawo. Kowa ya rasa wani, wannan ɗaya an tsinto shi an mayar gida. Ƙaryar ceton yaran ma na fahimce ta: labarin gaskiya ba shi da daɗi, masu laifi sun tsira, har jaridun lokacin suka ƙaga cewa baƙin haure 'yan Hungary suna yanke yatsun gawa don zobe, aka huce a kan talakawan ma'aikata. Mutane sun nemi labari mai jarumi wanda ba a zargin kowa a ciki, sai suka ɗora wa kare.

Lauyan Gobe:
Wato kin yarda da ni ke nan. Labarin da ba a zargin kowa, ai shi masu tafki suke so.

Mai Zane:
Ban yarda da kai duka ba, ƙanena. Wanda ya binne 'ya'yansa yana da haƙƙin abin da zai rarrashe shi, ba aikinsa ba ne ya zama mai gabatar da ƙara har ya mutu. Matsalata ita ce idan rarrashin ya zama shi kaɗai ne a tsakiyar gari, tuhumar kuma aka kai ta bayan gari.

Ɗan Maƙera:
To idan dole sai an yi zanen, a yi irin na Portsmouth a jihar Ohio. Ita ma garin ƙarfe da takalma ce, ambaliyar 1937 ta cinye ta, aka gina katangar tare ruwa. Daga 1993 wani mai zane, Robert Dafford, ya fara zana tarihin garin a jikin katangar, tsawon kusan ƙafa 2,000. Katanga na aikinta, zane na hawa a kai. Wannan ban da ja.

Uwar Biyu:
Au, ashe kai ma kana kallon zanen, kake mana fuska.

Ɗan Maƙera:
Hajiya, na ce a fara gina katangar ne.

Injiniya Tsoho:
Sai dai ka sani, katanga mai kyaun zane ta fi kowace sa mutum ya manta akwai kogi a bayanta. Kuma tana tare idonka daga ganin ruwan yana tasowa.

Alaramma Ƙarami:
Baba Injiniya dai ba a burge shi. Malama Mai Zane, ni tambayata ɗaya: idan aka ba ki wuri a tsakiyar garin aka ce ki kafa abu, me za ki kafa?

Mai Zane:
Allah gafarta Malam, tun ɗazu nake ta zane a bayan littafi. Abin da ya zo mini shi ne ragar kifin. A ƙera ta da ƙarfe daidai girman ta asali, a kafa ta a dandali inda mutane ke wucewa, ba siffar kowa, sai ɗan rubutu a ƙasa da ke cewa ga abin da aka sa a bakin magudana da dalilin sa shi. Yara za su iya leƙawa ta cikinta. Ban sani ba ko malaminmu zai ce wannan zane ne.

Ɗan Maƙera:
Idan kin samo awon, turo mini. Ƙaramar dai zan iya haɗa miki ta gwaji, amma ke za ki sayi rodin.

Injiniya Tsoho:
Ki nemi tsofaffin hotunan magudanar da aka ɗauka bayan ɓallewar, akwai gadar katako a samanta, ragar a ƙafafun gadar aka ɗaure ta. Daga nan za ki iya ƙiyasta faɗin. Kada ki sa ta yi kyau da yawa.